Ƙurajen Da Suka Hana Ni Zama a Rumfar Inak Ridan

Salamu alaikum, 'yan wannan zaure. Na karanta abin da kuka zuba a ƙarƙashin labarina na baya. Wata ta ce ina da mata a ɓoye, shi ya sa nake gudu daga wurin zance da wuri. Wani ya ce tsoron Haji Mahsun nake ji. Wata mara kunya ta ce tsufa ne, fitsari ke matsa min. Duk kun faɗi ƙasa warwas. Yau zan faɗi dalilin, kuma wanda ke cin abinci ya ajiye cokali tukuna.

Ga waɗanda yau suka leƙo: ni ne Amak Senah, wato baban Senah. A nan Lombok da zarar an haifa maka ɗa, sunanka na yanka ya tafi hutu. Na kusa hamsin, matata ta rasu shekaru sun ja, keken doki nake tuƙawa, ina kwasar mata da kwandunansu daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Masbagik. Sunan dokina Kilat, wai walƙiya. Allah ya yafe wa wanda ya raɗa masa, don agwagwa ta taɓa wuce mu a kan hanya. Amma ba ya cizo, ba ya harbi, kuma ya san hanyar gida ko ina gyangyaɗi. Ina da rufin kwano da ba ya yoyo, ina da shinkafa a rumbu, 'yata na aure a bayan masallaci tana aiko min da miya. Ban rasa komai ba sai wanda zan ce wa "kin ji ruwan nan?" idan an tsuge da ruwan sama.

Wadda nake nema ita ce Inak Ridan, wato uwar Ridan. Mijinta ya rasu, ɗanta Ridan yana can gonakin manja a Kalimantan, ita kuma tana zaune da tsohuwarta, Papuk Rumenah. Barkono da tumatir da alayyafon ruwa take sayarwa. Yadda muka fara kuwa, kowace mace a kasuwar nan da kanta take cicciɓar kwandonta ta aza a ka, ban da ita. Sai ta tsaya gefen kwandon, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, tana jira in sauko in ɗauka mata. Matan kasuwa har suna suka sa mata, Gimbiya. Ni kuwa na ce a raina, Amak Senah, matar nan kiranka take yi, ka amsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wurinmu ba a zuwa a roƙi mace. Ka je ka ce a ba ka, sai 'yan'uwanta su ce ka mai da 'yarsu kazar kasuwa. Sace ta ake yi. Amma ita ke zaɓen ɓarawonta, ita ke faɗa masa rana da ƙofar da za ta bi. Kafin a kai nan kuwa, sai ka yi ta zuwa zance bayan magariba, ka hau rumfar katako da ke gaban gidansu, ka harɗe ƙafa a kan tabarma. Ba a miƙe ƙafa a gaban tsohuwar gida, ba a jingina da ginshiƙi. Duk mai so yana iya zuwa, ba a korar kowa. Kuma a ƙauyenmu, idan manema biyu suka haɗu, wanda ya fara neman takalminsa shi ya bar wa ɗan'uwansa fili.

To ni kullum ni ke fara neman takalmi.

Abokin takarata Haji Mahsun kuwa in ya zauna, buhun shinkafa aka ajiye. Ya yi aiki a Malesiya, ya je Makka, yana da farar hula da sabon babur, da labarin da ba ya ƙarewa. Zai ba da labarin jirgin sama, ya ba da na raƙumi, ya koma kan jirgin. Ni kuwa kafin kofina ya huce na fara mutsu-mutsu, zufa na bin ƙeyata, sai in ce, "Papuk, bari in je, ban ba doki ciyawa ba." Kilat ya sha ɗaukar laifin da bai yi ba.

Ga gaskiyar: ƙuraje ne da ni a matse-matsi.

Eh, a nan ɗin. Inda cinya ta haɗu da jiki, dama da hagu. Suna farawa kamar ƙurajen fuskar samari, ɗan ja mai kai, sai ɗaya ya yi zuciya ya kumbura ya zama maruru kamar ƙwan tattabara. Ya yi ta zugi har ya fashe, mugunya ta fito da wari, ya bushe ya bar tabo, ka ce alhamdu lillahi, sai ƙaninsa ya leƙo a gefe. Tun ina saurayi suke zuwa suna tafiya. Marigayiya ce kaɗai ta san da su. Ita ke dafa min ganye ta gasa min da tsumma, tana yi tana tsokanata wai na fi kaza yawan ƙwai. Tun da ta tafi nake fama da abina ni kaɗai. Na shafa kurkur, na shafa toka, na shafa man da nake shafa wa Kilat a inda linzami ya ci shi. Na matse da hannu har na ga taurari da rana tsaka. A kan keke ba wanda ya gane, don a karkace nake zama, ƙafa ɗaya a waje, mutane na cewa salon tuƙi ne. Amma harɗe ƙafa a kan tabarma? Kamar an ba ka garwashi biyu an ce ka riƙe da cinya kana murmushi.

Ranar wata Litinin ina wanke wa Kilat ƙafa, waya ta yi ƙara a aljihu. Inak Ridan ce.

"Amak Senah, kana lafiya?"

Na goge hannu na danna da yatsa ɗaya. "Lafiya lau. Ya Papuk?"

"Papuk ce ma dalilin. Ita da yayana sun sa ni gaba. Sun ce kafin azumi in ba Tuan Haji Mahsun rana."

Na ji kamar Kilat ya taka ni. "Ke me kika ce?"

"Na ce a ba ni lokaci. Papuk ta ce lokacin me? Ta ce mutumin da bai taɓa ganin gindin kofinsa a rumfarmu ba, yaya za a yi ya iya zaman aure?"

"Doki ne..."

"Kar ka ƙara ce min doki. Dokin nan ya fi kowa ƙiba a Masbagik. Ran Alhamis ka zo. In ka zo ka zauna har Tuan Haji ya tashi. In ba za ka iya ba, ka yi zamanka a gida, ba zan ji haushi ba."

Duk macen da ta ce ba za ta ji haushi ba, ta riga ta ji. Wannan ko ni da na tsaya a aji uku na sani.

Kuma a daidai wannan lokaci akwai wani ƙato a dama da ya nuna, yana bugawa kamar ganga.

Washegari Senah ta shigo da kwanon miyar ɓargon ayaba, ta same ni ina ratsa tsakar gida ƙafa a buɗe.

"Amak, me ya same ka kake tafiya kamar ƙaguwa?"

"Ƙaya na taka."

"Da ƙafa biyu?"

"Ke, ajiye miya ki tafi gidan mijinki."

Ba ta tafi ba. Uwarta ce sak, har tsayuwar da hannu a ƙugu. Ta dubi igiyar shanya, inda zanina ke rataye da tabon da sabulu ya kasa, ta dube ni.

"Abin nan ne da marigayiya Inak ke dafa maka ganye a kansa, ko?"

Ashe yaran nan suna gani, shiru kawai suke yi.

"Shi ke tashinka daga rumfar Inak Ridan?"

"Wa ya ce miki ina tashi?"

"Amak, har mai gyaran taya ya sani. Ana caca a kanka a kasuwa. Sa hularka, asibiti za mu."

"Ba inda za ni. In je in kwance zani a gaban yaro sa'anki?"

"To zauna. Haji Mahsun ya sace ta, kai ka kai musu kayan biki a kekenka."

Na sa hula.

A ƙaramin asibitin gundumarmu, addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa namiji ne, tsoho, mai raunin ido. Aka kira sunana, na shiga, sai ga yarinya da farin gilashi da ɗankwali ruwan hoda, ba ta fi Senah ba. Na juya zan fita, Senah ta tare ƙofa da jikinta, ta tura ni, ta ja ƙofar daga waje.

"Zauna, Amak," in ji likitar.

"Gara tsayuwar, Bu Dokta."

"To na gane inda abin yake. Hau gado."

Ta kira wani ma'aikaci namiji ya tsaya a gefe, Allah ya yi mata albarka. Ni dai silin na ƙura wa ido, ina karanta duk surar da na haddace, kuma ba su da yawa, sai da na maimaita. Ta duba, ta tambaye ni tun yaushe, ko yana fitowa a hammata, ko wani a danginmu na da shi. Na tuna yadda mahaifina ke zama a karkace a masallaci. Ban taɓa haɗa abin ba sai ranar.

Na daure na yi tambayar da ta daɗe tana cina. "Bu Dokta, ki faɗa min tsakani da Allah. Ciwon sanyi ne? Don ni wallahi ban da marigayiya ban taɓa..."

"Ba shi ba ne. Ba a ɗaukarsa a wurin mace, ba a kuma shafa wa mace. Ba ƙazanta ba ce. Ramin gashi ne ke toshewa ya kumbura daga ciki, a wuraren da fata ke gugar fata. Mata ma sun fi maza samunsa, a hammata ko ƙarƙashin mama, sai dai su ɓoyewa suke yi har ya ci su."

Na sauke wata ajiyar zuciya da na daɗe ina ɗauke da ita.

"Zai warke?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, yana iya dawowa. Amma za mu kwantar da shi sosai in ka ji magana. Ka daina matsewa. Ka daina shafa masa maganin doki. Kana shan taba?"

"Kaɗan."

"Haƙoranka sun ce da yawa. Ita ke hura masa wuta, ka rabu da ita. Wancan wandon da ka rataye, shi kake sawa kullum?"

Wandon jins ne, baƙi, mai kama jiki. Senah ce ta sayo min shi da na fara neman aure, wai kar in je gaban Haji Mahsun kamar kakan wani. Ba na sa shi sai za ni zance, ko wuri mai daraja irin asibiti.

Likitar ta yi dariya har ta cire gilashi. "Wato duk ranar da za ka yi doguwar zama, ranar kake ɗaure wurin da buhu? Amak, koma wa zaninka. Iska yake so."

Ta yi wa ƙaton allura ta tsaga shi, ta wanke, ta rufe da auduga. Ba zan ce ban yi ƙara ba. Senah ta ce har masu jiran awo sun yi salati. Aka ɗebi jinina a duba sukari, aka ba ni ƙwayoyi da wani sabulun ruwa mai warin asibiti. A hanyar gida na ce wa Senah, "Wandonki ne ya kusa hana ni aure." Ta ce, "Wandon ne ya ce ka yi shekaru kana shafa man doki?" Muka yi ta dariya har Kilat ya waiwayo.

Ran Alhamis na yi wanka da sabulun, na canja auduga, na ɗaura zanina mai ratsin kore wanda nake zuwa Juma'a da shi, da farar riga da baƙar hula. Taba kuwa tun daga asibiti ban taɓa ta ba, ina jin kamar in ciji wani. Na yi magariba na nufi gidan.

Babur ɗin Haji na riga na ganshi a jingine, yana ƙyalli. Shi kuma yana tsakiyar rumfa, ƙamshin turarensa har bakin hanya. Papuk Rumenah na kusurwarta da gwangwanin tofi, tana tauna ganyen da tsofaffinmu ke ci kamar goro, leɓe ja wur. Inak Ridan ta fito da faranti: kofi baƙi, soyayyen rogo, gyaɗa dafaffiya. Riga mai dogon hannu ta sa, shuɗiya da ƙananan furanni, da mayafi ruwan ƙasa. Ta durƙusa ta tura farantin a hankali, hannu a jiki kamar kullum. Ta dubi zanina, ta ɗauke kai, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

"A'a, Amak Senah!" in ji Haji. "Yau ina wandon samarin? Ko an kai shi jingina?"

"Yana hutawa, Tuan Haji. Ya gaji da jin labarin raƙumi."

Papuk ta yi tofi a gwangwani. Ban san ko dariya ce ba.

Na hau, na harɗe. Da farko lafiya lau, har na ce a raina ashe abin sauƙi ne. Haji ya ciro kwalin taba mai kanumfari, ya tura min. A wurinmu namiji ba ya mayar da tabar ɗan'uwansa a rumfa. Na dubi tabar, ta dube ni. Na tura masa abarsa.

"Na daina."

"Tun yaushe?"

"Tun da likita ta ce."

"Likita? Ashe ba ka da lafiya? Papuk, kin ji fa." Ya kunna tasa ya busa min hayaƙin, ya shiga labarin yadda ake sanyi a cikin jirgin sama.

Aka kira isha, muka sauka muka yi a nan gefen rumfa, na ɗan samu sauƙi, muka koma. Na shanye kofina har na ga gindinsa, na ajiye shi da ƙarfi a gaban Papuk don ta gani. Amma wurin da aka tsaga ya fara magana. Zugi ya taso tun daga cinya har cikin haƙorina. Na ji audugar ta jiƙe. Haji kuwa ko gezau, ya ma sa an ƙaro masa rogo. Inak Ridan na satar kallona, ta ga zufa, ta ga ina leƙen inda takalmina yake. Fuskarta ta faɗi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Nan na yi lissafi irin na direban keke. In na tashi, na rasa ta. In na zauna a haka, zan suma a kan tabarmar mutane, in kuma rasa ta. Saura hanya ɗaya, kuma ba ta da kyan gani.

"Papuk," na ce, "ina neman izini. Zan miƙe ƙafata ta dama."

Tsohuwa ta daina tauna.

"A gabana?"

"A gabanki, ki yafe ni. Ba raini ba ne. Maruru ne da ni a matse-matsi, shekaranjiya aka tsaga shi. Ƙuraje ne da ke fito min tun ina saurayi. Su ke tashina daga rumfar nan kullum, ba doki ba. Dokina a ƙoshe yake. Yau an ce in zauna, kuma zan zauna ko da asuba za a kai, amma da ƙafa a miƙe."

Haji ya ƙware da hayaƙi. Ya yi tari, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"A matse-matsi! La ilaha illallahu! Amak Senah, ashe keken nan ba kasuwa kaɗai yake zuwa ba? Mun san irin ciwon nan a Malesiya, mun san inda ake sayo shi." Ya ja jikinsa baya, ya janye farantin rogo daga kusa da ni, ya toshe hanci da gefen rawaninsa na kafaɗa. "Dama ina ta jin wani wari-wari tun ɗazu. Papuk, a ƙona tabarmar nan gobe. Mutum na ruɓewa da ransa ya zo neman aure! Wace mace ce za ta kwana ɗaki ɗaya da wannan?"

Na ce, "Likita ta ce ba a ɗauka, ba kuma na banza ba ne. Wanda bai yarda ba, asibitin na nan, ƙofarsa a buɗe."

Ban ƙara ba. Kunya ta riga ta gama abin da za ta yi min, saura me? Na dubi Inak Ridan. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ni take kallo ba, Haji take kallo, kallon da ake yi wa abin da aka tsinta a cikin miya. Hannayenta biyu ta ƙanƙame a jiki kamar mai jin sanyi.

Papuk ta yi tofi, ta goge baki.

"Miƙe ƙafarka, Amak Senah. Amma ka nuna ta wajen Tuan Haji, ba wajena ba."

Na miƙe ta. Wayyo daɗi! Jama'a, na ci naman biki, na sha ruwan kwakwa a tsakiyar zafi, ban taɓa jin daɗi irin na miƙe ƙafar nan ba. Tafin ƙafata na kallon Haji, shi yana kallonsa.

Inak Ridan ta tashi ta shiga ciki. Ta dawo da matashin kai da kofi ɗaya. Ɗaya tak. Ta ajiye matashin a gefena ta ce, "Tokare gwiwar da shi." Ta ajiye kofin a gabana. Kofin Haji na nan a bushe, ba ta ko dube shi ba.

Ya jira. Ya gyara murya. Ya fara labarin raƙumi, ba wanda ya ce "to". Ya ɗaga kofinsa ya leƙa ciki ya ajiye. Can ya ce sauro ya yi yawa a unguwar nan, ya sauka yana laluben takalminsa. Na ji babur ya tashi da fushi. Na zauna na shanye kofi na biyu a hankali, har da guntun garin da ke ƙasa, sannan na yi sallama kamar mutum.

Na iso gida ke nan ina kwance wa Kilat kaya, waya ta yi ƙara.

"Ka isa?"

"Na isa. Ki yafe min abin da na yi a gaban Papuk."

"Papuk ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mara kunya irinka ba. Ta ce gara kai."

Na zauna a bakin keke, a karkace, ina murmushi ni kaɗai kamar wawa. Sai na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta tsaya. Har na ɗauka wayar ce ta lalace.

"Likitar nan mace ce?"

"Mace ce. Yarinya, amma ta san aikinta."

"Da gaske ta ce ba a ɗauka?"

"Wallahi."

"Ta ce yana fitowa a hammata?"

Na tsaya ina kallon rubutun. Sai kwandon nan ya faɗo min a rai. Kwandon da ba ta taɓa ɗagawa ta aza a ka ba. Dogon hannun riga ko ana zafin da kare ke zaro harshe. Igiyar shanyarsu da aka ɗaura ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu. Gimbiya. Ni kuma ina ta fankama wai kirana take yi.

Na rubuta, "Tun yaushe?"

"Tun haihuwar Ridan. Duka biyun. Babansa ne kaɗai ya sani, sai Papuk. Shi ya sa na daɗe ban ba kowa rana ba. Ina tunanin daren farko, mutum ya ji wari ya toshe hanci. Yau na ga yadda ake toshewar."

"Wato kwandon nan ba don ni ba ne?"

"Da farko ba don kai ba ne. Kai ne dai kaɗai ke ɗauka ba ka tambayi dalili ba."

"Daga baya fa?"

"Amak Senah, kar ka cika tambaya."

Na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo ta katanga. Na ce mata sabulun da aka ba ni babbar kwalba ce, ta ishi mutum biyu. Ta ce ita ba a neman aurenta da sabulu. Sannan ta turo wannan, kuma na karanta shi ya fi a ƙirga:

"Gobe in an tashi kasuwa ka kai ni wurin likitar. In mun fito lafiya, daren Lahadi bayan magariba zan fita ta ƙofar baya, wajen bishiyar mangwaro, kamar za ni ɗebo ruwa. Ka ce wa Senah ta share ɗaki. Kar ka sa wandon nan."

To ga inda muke, jama'a. Mun je asibiti, ta shiga, ta fito da ƙwayoyinta da tata kwalbar, tana cewa ashe abin da ta ɓoye rabin rayuwarta har suna gare shi a littafin likita. Senah ta share ɗaki har sau biyu, ta ba mijinta wandon jins. Sai dai kun san doka: in 'yan'uwan mace suka cim ma ɓarawo a hanya kafin ya kai ta gidan da zai ɓoye ta, sun ƙwace abarsu, sai a sake sabon lale. Yayanta na da babur, Haji Mahsun na da babur, kuma an ce tun ran Juma'a suke shan kofi tare. Mijin Senah ya ce in ari nasa. Na tambayi Inak Ridan, ta ce ita ba za ta iya ɗaga hannu ta riƙe kafaɗar kowa a kan babur ba, ni ma ba zan iya buɗe ƙafa a kansa ba, don haka kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Yau Lahadi. Na shimfiɗa matashi biyu a bencin keke, na cire ƙararrawar wuyan doki, na ba shi dusa har da ƙwai biyu a ciki. Na kama kunnensa na ce, "Kilat, shekara da shekaru kana cin sunan da ba naka ba. Yau ɗaya dai, ka taimake ni."

Ya dube ni, ya yi hamma. Ga ladan can yana gyara lasifika.